Yadda na ceto fatar ragon layya da ta fara wari

Fatar ragonmu na so in yi buzu da ita, amma yara sun naɗe ta a leda ta kwana a zafi, da safe wari ya tashi, in ka ja gashin wajen wuya sai ya biyo hannunka. Inda gashi ya fara tugewa dai ya tafi kenan, na yanke wurin na yar.

Sauran na shimfiɗa a kan katako, gashi a ƙasa, na sa wuƙa mara kaifi sosai na kankare kitse da guntayen naman da suka maƙale, nan ne fa aikin yake, musamman gindin wutsiya da hammata, don gishiri ba ya ratsa kitse kuma daga nan ruɓa ke farawa. Sai na zuba gishiri, ba rowa, har bakin gefuna inda take naɗewa, na jingina katakon ruwan ya riƙa tsiyayewa. Washegari na karkaɗe jiƙaƙƙen na sa sabo.

A inuwa na shanya ta. Kar ka kuskura ka ɗora a kan kwano cikin rana, waje zai bushe ƙamas ciki na ruɓewa.

Da warin ya mutu na wanke gishirin, na daka bagaruwa na jiƙa, na dinga shafa ruwan a ɓangaren naman kamar sati guda, sannan ɗan man gyaɗa da murza har ta yi laushi. Toka kam ban bari ta taɓa ta ba, ita majema ke sawa in suna son cire gashi.