Yadda Mai Ƙyanƙyasar Tarwaɗa Zai Hana Irinsa Lalacewa

A shekarar 1982 masana a ƙasar Sin suka shigo da wata halittar teku mai ɓawo biyu da ake kira sikalof daga gaɓar Amurka. Guda 26 kacal suka rayu, kuma zuriyarsu ce ta cika gonakin ruwa na arewacin ƙasar. Da tafiya ta yi nisa, bincike ya nuna cewa na gona sun rasa wani kaso na bambancin ƙwayoyin gado da danginsu na teku suke da shi, har sai da aka sake shigo da sabon jini. Mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a garin Garwa ko Yagwa a arewacin Kamaru yana cikin irin wannan haɗari, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Matsalar tana farawa ne daga namiji. Ana matse ƙwai daga cikin mace bayan an yi mata allura, ta ci gaba da rayuwa, amma namiji sai an farke cikinsa kafin a sami ruwansa, shi ya sa mutane suke ƙyashin yanka fiye da ɗaya ko biyu. Lissafin masana kuwa ya nuna cewa mata 50 da maza 2 daidai suke da iyaye 8 kawai ta fuskar gado, alhali mata 25 da maza 25 suna tsayawa a matsayin 50 cif. Saboda haka ka daidaita yawan maza da mata gwargwadon ikonka, ka kuma haɗa kowace mace da nata namijin a kwano dabam. Makiyayi ya daɗe da sanin wannan, domin ba ya barin bijimi ɗaya ya yi ta barbarar 'ya'yansa.

Kada ka ɗebi iyayen gaba daga ƙyanƙyasa ɗaya don kawai sun fi saurin girma, domin wa da ƙanwa kake shirin haɗawa. Rubuta asalin kowane rukuni da ranar ƙyanƙyasarsa a littafi. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wannan bayan damina biyu.

Duk bayan 'yan shekaru ka nemi lafiyayyun kifaye daga masuntan tafkin Lagdo idan kana yankin kogin Binuwai, ko na tafkin Maga idan kana yankin kogin Logon, ka keɓe su na wasu makonni kafin su shiga cikin naka. A ganina bai dace a cakuɗa kifin yankunan biyu ba, tunda Binuwai tana zuba a kogin Neja, Logon kuwa tana bin Shari zuwa Tafkin Chadi, kuma kowane kifi ya saba da ruwansu. Ka ɗaga bakin kududdufinka, ka sa raga a magudana, don kada ambaliyar watan Agusta ta kwashi na gida zuwa kogi.

Idan ƙwai ya rage fashewa, ko ka fara ganin 'ya'ya masu lanƙwasasshen baya, ka fara duba ruwa da abinci, sannan ka buɗe littafin ka ga ko iyayen 'yan ɗaki ɗaya ne.