Darasi na 6: Mahaɗin wuta tsakanin batir da rediyon magana

Wanga darasi na masu aiki da rediyon magana ne, irin wadda ake kira da ita kuma a amsa, babbar yayar oba-oba ke nan, wadda masu sha'awar abun ke kafawa gida ko cikin mota su yi magana da mutanen nesa. Nan Najeriya lambar kiransu, wato sunan da kowa ke bayyana kansa da shi cikin rediyo, da 5N take farawa. Amma ko sola kake haɗawa ko gyaran rediyo kake koyo, ka zauna, darasin zai yi maka amfani.

Rediyon ga wutar batir take ci, bolt 13.8 anka tsara mata (bolt ma'aunin ƙarfin turin wuta ne), kuma mafi yawansu in wuta ta yi ƙasa da 11.7 sai su fara rikici. Lokacin da kake saurare wuta kaɗan take ja, amma da ka danna makirfo za ka yi magana, babbar rediyo mai wat 100 tana jan amfiya 20 ko sama da haka nan take (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bin waya ne). To nan ne mahaɗi ke tona asirin kansa. Sai ka ga fitilar fuskar rediyo ta dushe, ko ta mutu ta sake tashi, ko wanda kake magana da shi ya ce muryarka na rawa, mutum ya ɗauki rediyo ya kai wa mai gyara ya biya kuɗi alhali lafiyarta lau, wurin da waya ta haɗu da waya ne ya yi sako-sako.

Ku duba lissafin da kyau. Mahaɗi mai datti ko wanda bai kama ba shina iya cinye bolt 1 shi kaɗai in amfiya 20 na wucewa, kuma wannan wutar da ta ɓace zafi take komawa, zafin wat 20 a wuri ƙanƙane, shi ya sa roba ke narkewa. In batirinka na nuna 12.4, abun da zai isa rediyo 11.4 ne, ka ga ta faɗi ƙasa da abun da take so. Ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowane rami, mahaɗin da zai daɗe wani gari nan ba ya kai haka sai da kulawa.

Fulogin soket ɗin sigari na mota, don Allah ku bar shi ga cajin waya, amfiya 10 ce iyakar yawancinsu kuma da mota ta faɗa gargada sai ya zame. Kilif mai baki irin na kada na gwaji ne na ɗan lokaci. Murɗe waya biyu a naɗe da salatif kuwa, wannan ni ba ni yarda da shi ko kaɗan, gam ɗin salatif narkewa yake da zafi, kuma gobara daga nan take farawa. Ƙaramin fulogi mai rami a tsakiya na ƙananan na'urori ne, kaurinsa milimita 5.5 amma ramin ciki iri biyu ne, 2.1 da 2.5, ido bai cika rabe su ba, in ka sa mai faɗi kan siririn tsinke zai shiga amma wuta ta riƙa ɗaukewa. Kuma ka duba zanen jikin na'urar, yawanci tsakiya ne fozitif, wato ɓangaren da ke da alamar +, amma akwai masu akasin haka.

Wanda masu wanga aiki sunka fi yarda da shi shi ne Anderson Powerpole, ja da baƙi manne da juna, akwai na amfiya 15 da 30 da 45. Ba shi da mace ba shi da namiji, kowane na shiga cikin ɗan'uwansa, kuma duk sa'ad da ka cusa shi ƙarfen na goge kansa. Sharaɗin ɗaya ne, a matse wayar da filayar matsi ta gaskiya, sannan a tura ƙarfen cikin robar har ka ji ƙas. In dalma za ka sa kar ta malala kan harshen ƙarfen. In ba ka same shi kasuwa ba, zoben kan batir da anka ɗaure da noti tamau ya wadatar.

Wayar ma a kula, akwai wadda alminiyon ce anka shafa wa jan ƙarfe, kankare ta da reza, in ka ga fari ciki ka aje ta. Fiyus kuma kusa da kan batir ake sa shi, kan jar waya, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe shi ya ƙone kafin ita.

Aikin gida: ku ɗauki mitar awon wuta ku auna bolt a kan batir, sannan ku auna a bayan rediyo lokacin da wani ya danna makirfo, ku rubuta lambobin biyu cikin littafinku. In bambancin ya wuce rabin bolt, ku kashe rediyo ku bi wayar da hannu a hankali, mahaɗin da kunka ji da ɗumi shi za ku kwance ku zo da shi aji mako mai zuwa mu gyara tare.