Yadda ake miƙa aiki bayan aikin kwana

Ga sabbin ma'aikatan jinya, musamman masu fara aiki a Babban Asibitin Katsina ko na Daura:

1. Kafin mai karɓarki ta iso, ki cike littafin rahoto: wa aka kwantar, wa aka sallama, wa ya rasu.

2. Ku zaga gado gado tare. Miƙa aiki a bakin tebur lalaci ne. Ki faɗi sunan majinyaci, ciwonsa, maganin da ya sha da lokacin na gaba. Ki nuna mata ƙarin ruwan da ke tafiya da saura nawa. Da damina ɗakin yara kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro, to duk yaron da zafin jikinsa ya haura digiri 38 a ma'aunin Celsius ko ya yi jijjiga cikin dare, ki fara da shi, ko da kina jin barci kamar ki faɗi.

3. Maganar da ta shafi sirrin majinyaci, ku ja gefe. Masu jinya kunnensu a buɗe yake.

4. Ku ƙirga magungunan da ke kulle, kowa ta sa hannu, sannan ki ba ta makulli.