Yadda ake shiga kasuwancin kayan sawa ba tare da taka keken ɗinki ba

A harkar tufafi tela ake gani, amma kuɗin yana hannun wanda ya saro yadi, ya yanke farashi, ya kuma san ranar da kaya za su fito. Wannan ɓangaren sana'a ce mai zaman kanta, kuma a kasuwa ake koyonta.

Ka fara da zaman shago, ko da na wata shida ne, a wuri irin Kantin Kwari da ke Kano. Abin da kake nema shi ne hannunka ya san yadi. Ka iya bambance atamfar Vlisco ta Holan da ta China irin Hitarget, da shaddar Getzner ta Ostiriya da kwaikwayonta. Duba bakin atamfa, nan ake buga sunan kamfani da lambar zane. Kafin ka sari da yawa, ka goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai ka ga ko tana zuba, sannan ka yanki inci 10 ka wanke ka sake aunawa don ka san ko tana tsukewa. Ka riƙe ma'auni sosai: turmin atamfa yadi 6 ne, yadi inci 36, mita kuwa inci 39 da ɗoriya. Shadda mita 10 ta kusa yadi 11, kuma a wannan ratar ake cutar sabon shiga.

Daga nan ka zaɓi layi ɗaya, kaftanin maza ko abaya ko anko ko kayan yara. Ƙaramin jari in ya rarrabu gida huɗu, kwantai yake zama.

Lissafi shi ne inda mafi yawa ke faɗuwa, don haka a tsaya a kansa. A ce kaftani da wando sun ci yadi 4 da jimillar kuɗinsu naira 20,000 ne, ɗinki 7,000, aikin wuya 3,000, maɓalli da guga da leda 1,500, kuɗin mota da data 1,500. Ka tashi a 33,000. Ƙara 3,000 saboda ɓarna, domin a kowane zubi sai an samu wanda tela ya ɓata ko aka dawo da shi. Asalin kuɗin rigar 36,000 ke nan. In ka sayar 45,000, ribarka 9,000: kashi 25 a kan abin da ka kashe, amma kashi 20 kacal na kuɗin sayarwa. Ma'ana, ranar da ka yi ragin kashi 20, a banza ka sayar. Kuma tunda yawancin yadi shigo da shi ake yi, farashinsa na bin dala. Ka sa kuɗi bisa abin da za ka biya in ka koma sari gobe, ba abin da ka biya wata uku baya ba. Wanda bai yi haka ba zai ga ciniki na tafiya, amma kayan shago na raguwa.

Sai mu'amala da tela. Ya fara ɗinka samfur ɗaya, ka duba wuya da hammata da tsawon hannu, sai ka amince a yanka sauran. Awo a rubuce, kwafi ɗaya wurinka ɗaya wurinsa. Kada ka miƙa bandir gaba ɗaya, ka riƙa bayarwa kashi-kashi, ana biya gwargwadon abin da aka gama. Teloli biyu sun fi ɗaya, ko da ɗayan ɗan'uwanka ne.

Lokaci ma jari ne. Kayan ƙaramar Sallah a Rajab ake sarinsu, a yanka a Sha'aban. Da azumi ya raba tsakiya ka daina karɓar sabon aiki, domin masu aikin wuya sun cika, ga matsalar wuta. Sallah na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, saboda haka da kalandar Musulunci za ka yi tsari. Mai odar kaya daga birnin Guangzhou na China kuma ya tuna masana'antun China na rufewa don bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu.

Ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ka buɗe masa asusun banki daban da na cefanen gida, ka yanka wa kanka albashi. Aikin oda, musamman anko, kada a sa almakashi sai an ba da kafin alƙalamin da ya biya kuɗin yadi gaba ɗaya, don amarya na iya sauya kala bayan an yanka. Hoton da za ka sa a WhatsApp ko Instagram ka ɗauke shi da hasken rana, a inuwa, domin ƙwan lantarki na sauya launi, mai saye ya ce ba abin da ya gani ba ke nan. In za ka aika kaya ta tasha, ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ka tura wa mai kayan tare da lambar direba kafin mota ta tashi.