Yadda Ake Lissafin Nisa da Tsawon Tafiyar Jirgi Tsakanin Dubai da Guangzhou

Ɗan kasuwar da ya sauka a Dubai da niyyar zarcewa Guangzhou domin sarin kaya yakan duba tikitinsa ya ga an rubuta tashi ƙarfe 10 na safe, sauka ƙarfe 9 da rabi na dare, sai ya ɗauka zai yi awa 11 da rabi a sama. Ba haka lamarin yake ba, domin kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da ake magana a kansa ne, kuma agogon ƙasar Sin yana gaban na Dubai da awa 4. Idan aka cire waɗannan awanni huɗu, abin da ya rage shi ne awa 7 da rabi, wanda kusan shi ne abin da jirgin da ba ya yada zango yake yi.

Nisan da ke tsakanin filin jirgin Dubai da na Baiyun da ke Guangzhou ya kai kimanin kilomita 5,800 idan aka auna shi a miƙe bisa doron ƙasa. Babban jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 850 a awa idan ya daidaita a sama, saboda haka a raba 5,800 da 850, za a samu awa 7 ba kaɗan. Sai a ƙara abin da ke tafiya wajen jiran izinin tashi, da hawa, da sauka, da kuma kewaye, tunda jiragen sukan kauce wa tsaunukan Himalaya da tudun Tibet su bi ta sararin Indiya da Miyanma.

A dawowa ne lissafin yake canzawa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Akwai iska mai ƙarfi a can sama wadda take kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura jirgin da ya nufi Sin, tana kuma tare wanda ya baro ta, musamman a lokacin sanyi. Wannan ya sa dawowa Dubai takan ɗara tafiya da kusan awa guda. Haka kuma yanzu ƙara awanni huɗun ake yi a kan abin da tikiti ya nuna, ba cirewa ba: wanda ya tashi daga Guangzhou ƙarfe 12 na dare ya sauka Dubai ƙarfe 4 da rabi na asuba, awa 8 da rabi ya yi a cikin jirgi.

Mai tafiya gabas ya lura cewa yini yana gajarce masa, azahar da la'asar da magariba za su riske shi kusa da kusa, don haka gara ya shiga jirgi da alwalarsa. Idan kuma zai kira gida bayan ya sauka, ya tuna Guangzhou tana gaban Kano da awa 7.

Kamfanonin Emirates da China Southern suna zirga-zirga kai tsaye a wannan hanya. Tikitin da ke yada zango a wani gari yakan fi araha, amma kafin a saya a haɗa awannin jira cikin lissafi, a kuma nemi kujera da wuri idan tafiyar ta faɗo a watan Afrilu ko Oktoba, lokacin da ake buɗe babban baje kolin Guangzhou.