Kafin ku sayi tsohuwar azurfar Meziko

Jama'a, in kun ci karo da abin wuya ko awarwaro mai zanen Mixtec, wata tsohuwar al'ummar Meziko, irin wanda maƙeran garin Taxco suka kwaikwayo daga kayan da masanin kayan tarihi Alfonso Caso ya tono a kabari na 7 na tsohon birnin Monte Albán a 1932, ku fara juya bayansa tukuna. Lamba 925 ko 980 ita ce ma'aunin azurfar, wato kason tsantsar azurfa cikin dubu. Tambarin gaggafa daga 1948 ne zuwa wajen 1980, bayan nan aka koma haruffa da lamba, kamar TC-45, inda T ke nufin Taxco. In kuwa "alpaca" aka buga, babu ko ƙwayar azurfa a ciki, kuma maganaɗisu ba zai tona shi ba, don shi ma, kamar azurfa, ba ya kamawa.

Wajen wankewa ne ake yawan ɓarna. Baƙin da ke cikin lungunan zanen da gangan maƙeri ya sa shi, don fuskar ta fito. Toka ko man goge baki sai su kankare shi, su bar zanen fayau. Ɗigo biyu na sabulu a ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun wadatar. Mai duwatsu kuma kada a jiƙa shi, gam ɗin zai saki.