Yadda ake shan shayin la'asar na Turawan Ingila a tsibirin Siri Lanka

Idan tafiya ta kai ka Siri Lanka, tsibirin da ke kudu da Indiya, ka ware yamma guda ka hau garin Nuwara Eliya da ke kan duwatsu ka sha shayin la'asar. Al'adar ta Turawan Ingila ce, kuma ana danganta farawarta ga Anna, uwargidan basaraken Bedford, wajen 1840. A zamanin sai ƙarfe takwas ake cin abincin dare, ita kuwa yunwa kan dame ta da yamma, sai ta riƙa sa a kawo mata shayi da burodi da man shanu, har ta fara gayyato ƙawaye. Turawan mulki ne suka kai al'adar tsibirin, suka tafi a 1948 suka bar ta. Abin da ya sa na fi son a sha shi a can shi ne, ganyen da ke cikin butarka a gangaren duwatsun da kake hange aka tsinko shi.

Ka fara da shirin hanya. Jirgin ƙasa daga birnin Kandy yana tsayawa a tashar Nanu Oya, daga nan 'yar tafiya ce a mota. Garin ya haura mita 1,800 a tudu, saboda haka ka riƙe rigar sanyi ko da zafin Kolombo, birni mafi girma a tsibirin, ya gasa ka. Wurin da ya fi suna shi ne Grand Hotel, wanda asalinsa gidan Edward Barnes ne, gwamnan tsibirin a zamanin Turawa. A can High Tea suke kiran shayin la'asar ɗin. Ka kama wuri tun da safe, ka rage cin abincin rana, ka kuma yi sallar la'asar kafin ka zauna, don zaman yakan ci sa'a biyu.

Kana zama, ka gaya wa mai hidima ba ka cin naman alade kuma ba ka shan giya. Sanwicin Turawa yakan zo da alade, wasu kek ɗin ma ana ɗiga musu barasa. Faɗa tun farko ya fi tambaya bayan faranti ya iso.

Sai zaɓen shayi, kuma nan ne maganar take. Ka nemi na Nuwara Eliya. Idan an kawo buta, ka bar ganyen ya jiƙa minti 3 zuwa 5, ka ɗora mataci a bakin kofi, sannan ka tsiyaya. Za ka ga ruwan bai yi duhu ba, launinsa kamar zuma mai haske, ƙamshinsa na tashi tare da tururi. Mu da muka saba da shayin mai shayi, madara cike sukari cokali uku, hannunmu zai yi saurin kaiwa ga madara. Don Allah ka dakata. Ka kurɓi kofin farko haka nan ba komai, ka bar shi ya ɗan zauna a harshe. Madara tana danne ɗanɗanon irin wannan ganye gaba ɗaya. In lallai sai da ita, ka nemi na Ruhuna, wanda ake nomawa a ƙasa-ƙasa, baƙi ne mai ƙarfi. Wajen juyawa, ka kai cokali gaba ka dawo da shi a hankali ba tare da ya bugi kofi ba, ka ajiye shi a kan ɗan farantin.

Kayan ci suna zuwa a faranti mai hawa uku, daga ƙasa ake farawa. Hawan ƙasa ƙananan sanwici ne da aka yanke wa gefe, na kokwamba, na ƙwai, na kifi, da hannu ake ɗauka. Na tsakiya sikon ne, wani dunƙulallen burodi mai laushi da ake kawowa da ɗumi. A raba shi biyu da hannu, a shafa jam da kirim mai kauri. A Ingila, mutanen yankin Devon kirim suke fara shafawa, na yankin Cornwall jam, kai dai ka gwada duka biyun. Kayan zaƙi na sama su ne na ƙarshe.

Washegari ka leƙa gonar shayi, ta Pedro tana kusa da gari. Noman shayi a tsibirin ya kafu ne bayan James Taylor, ɗan Sikotilan, ya shuka shayi a Loolecondera a 1867, sannan cuta ta cinye gonakin kofi. Thomas Lipton, wanda sunansa ke kan teburin kowane mai shayi a ƙasar Hausa, ya sayi gonaki a tsibirin a 1890. Za ka tarar da mata 'yan ƙabilar Tamil, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya, da buhu rataye a baya, suna tsinko ganye biyu da toho ɗaya. Aikin da wuya, ladan kaɗan. Ka gaishe su, kuma kada ka ɗauki hotonsu sai sun yarda.

In za ka yi tsaraba, ka duba tambarin zaki riƙe da takobi a jikin kwali. Shi ke nuna shayin Silon (tsohon sunan Siri Lanka) ne tsantsa, kuma a tsibirin aka ɗura shi.